JIGON "ƘARAMI YA KADA BABBA" A CIKIN FIM ƊIN MIRACLE

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Tsiga, ko a ɗaya daga cikin garuruwan noma da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, abu biyu ya sani da sunan ƙanƙara: akwai wadda kan zubo tare da ruwan sama ta kakkarya masara ta huda ganyen auduga, akwai kuma wadda masu shago kan sayar a lokacin azumi. Bai taɓa ganin fili guda na daskararren ruwa ba, balle a ce mutane sun hau kansa suna guje-guje da sanduna. Amma duk da haka, in aka zaunar da shi gaban fim ɗin Miracle, wanda kamfanin Walt Disney ya fitar a shekarar 2004, ba za a yi nisa ba zai zaɓi ɓangare, ya kuma shiga fargaba kamar ƙanensa ne a cikin fili.

Manufar wannan maƙala ita ce gano dalilin haka. Za a dubi fim ɗin da ma'aunan da aka saba auna ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo da su, watau jigo da zubi da tsari da salo da taurari. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, fim ɗin ya hau kan wani jigo da Bahaushe ya sani tun yana goye, amma ya warware shi ta wata hanya dabam da wadda tatsuniya da dambe suka saba bi, hanyar da manomi ya fi kowa saninta.

Kafin a shiga, ya kamata a gyara zance game da sunan fim ɗin. Wasu kan fassara shi da "mu'ujiza". Wannan bai dace ba, domin a wurin Bahaushe mu'ujiza ta annabawa ce, karama kuwa ta waliyyai. Abin da ya faru tsakanin 'yan wasa bai wuce a kira shi "abin al'ajabi" ba, kuma da haka za a kira shi a nan.

2.0 Wasan da Tarihin da Aka Gina Fim a Kansa

Ƙwallon gora na ƙanƙara wasa ne na ƙasashen sanyi. Kowane ɓangare mutum 6 ne a fili, har da mai tsaron gida. Suna sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, da su suke zamiya, suna kora wani ɗan baƙin faifan roba da sanda mai lanƙwasa. Akan yi turmi 3, kowane na minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya jimawa a ciki, sai ya fita wani ya shiga ba tare da an tsayar da wasa ba. Wannan ƙa'ida tana da muhimmanci ga abin da zai zo nan gaba, domin ita ta sa gwani ɗaya ba ya iya ɗaukar ƙungiya a wuyansa.

A wancan zamani babu mai ja da Tarayyar Sobiyat a wannan wasa. Ita ta ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na hunturu na 1964 da 1968 da 1972 da 1976. A watan Fabrairu na 1979 ta lallasa zaɓaɓɓun ƙwararrun Amurka ta Arewa da ci 6 ba ko ɗaya. Dokar Olamfik ta lokacin ta hana masu cin abinci da wasa shiga gasa, to amma da yawa daga 'yan wasan Sobiyat a takarda sojoji ne, alhali kuwa wasan shi ne aikinsu shekara da shekaru. Amurka kuwa ɗaliban jami'a ta tara, mutum 20, waɗanda yawancinsu ba su wuce shekara 21 zuwa 22 ba, ta danƙa su ga Herb Brooks, mai horar da ƙungiyar Jami'ar Minnesota.

Ranar 9 ga Fabrairu, 1980, aka yi wasan gwaji a birnin New York, Sobiyat ta ci yaran 10 da 3. Bayan kwana 13, watau ranar 22 ga Fabrairu, suka sake haɗuwa a ƙauyen Lake Placid, a wannan karon cikin gasar Olamfik, yaran suka ci 4 da 3. Bayan kwana biyu suka doke Finland 4 da 2, suka ɗauki zinariya. Wannan shi ne tarihin da Eric Guggenheim ya rubuta, Gavin O'Connor kuma ya ba da umarnin ɗaukarsa.

3.0 Zubi da Tsari

Labarin miƙaƙƙe ne, ba a yi masa kwan-gaba-kwan-baya ba. Ana iya raba shi gida uku.

Kashi na farko shi ne zaɓe. An buɗe fim da hotunan labarai na shekarun 1970: yaƙin Biyetnam, da abin kunyar da ya kori Shugaba Nixon, da dogayen layukan mai. Daga nan aka nuna Brooks yana tace 'yan wasa a Colorado Springs. Ya bar wasu da kowa ya yarda gwanaye ne, ya ɗauki waɗanda ba su kai su ba, ya kuma shaida wa mataimakinsa, Craig Patrick, cewa shi ba mafi gwaninta yake nema ba, waɗanda suka dace da juna yake nema.

Kashi na biyu shi ne horo, kuma shi ne ya ci mafi yawan lokacin fim. Yaran sun zo da tsohuwar gaba, domin da yawa 'yan Minnesota ne, wasu kuma 'yan Boston, jami'o'insu kuwa ba sa ga maciji da juna. Har sai da biyu daga cikinsu, Jack O'Callahan da Rob McClanahan, suka ba hammata iska a wurin atisaye. Brooks ya riƙa tambayar kowane yaro sunansa da garinsu da wanda yake yi wa wasa, kowa sai ya ambaci jami'arsa. Da suka yi kunnen doki da Norwe, wadda ba ta kai su ba, sai ya hana su fita daga fili, ya sa su gudu daga layi zuwa layi, a je a dawo, har aka kashe fitilu, har wasu suka fara amai. Bai sallame su ba sai da Mike Eruzione ya ɗaga murya ya faɗi sunansa, ya ce Amurka yake yi wa wasa.

Kashi na uku shi ne gasa. Sun yi 2 da 2 da Suwidin, da ƙwallon da Bill Baker ya ci saura daƙiƙa 27 a tashi. Suka ci Cekosulobakiya 7 da 3, suka bi ta kan Norwe da Romaniya da Jamus ta Yamma, sa'an nan suka iso ga Sobiyat. A nan ne labari ya kai ƙololuwa.

Abin lura a wannan tsari shi ne, mai kallo ya san ƙarshen labari tun kafin a fara, domin sunan fim ɗin ma ya tona. Ashe ke nan ba "wa zai ci?" ke riƙe shi ba, "ta yaya?" ke riƙe shi. Haka tatsuniya take. Yaron da ya ce a sake yi masa ta Gizo ya san yadda za ta ƙare, hanyar ce yake marmari.

4.0 Jigo da Warwararsa

Babban jigon fim ɗin shi ne ƙarami ya kada babba. Adabin baka na Hausa cike yake da wannan jigo, kuma masu iya magana sun dunƙule shi da cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. To amma in aka lura, hanya biyu adabinmu ya fi bi wajen warware shi.

Ta farko ita ce wayo. Gizo ba shi da ƙarfin Giwa, ba shi da na Dorina, sai ya miƙa wa wannan bakin igiya, ya miƙa wa wancan ɗaya bakin, kowanne yana ja yana tsammani da Gizo yake ja. Nasarar Gizo ta yaudara ce, kuma shi kaɗai yake cin moriyarta. Mai sauraro yakan yi dariya, amma ba ya fatan ɗansa ya zama Gizo.

Ta biyu ita ce jaruntakar mutum ɗaya. Auta shi kaɗai yake tunkarar Dodo bayan yayyensa sun kasa. A labarin Daura, baƙo ɗaya ne ya je rijiyar Kusugu da dare ya kashe macijiyar da ta gagari gari. Haka abin yake a fagen dambe, wanda akan yi da kaka bayan amfani ya shiga rumbu: ko da ɗan dambe ya zo da rundunarsa, in ya shiga fage shi kaɗai ne, kirari nasa ne, in ya yi kisa sunansa makaɗi zai kama. Waƙoƙin Ɗan Anace sun raya sunan Shago har yau, amma sunan mutum ɗaya suka raya.

Fim ɗin Miracle bai bi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ba a yaudari Sobiyat ba, kuma babu wani Auta a cikin yaran nan 20. Hanyar da ya bi ita ce ta gayya. Manomin Tsiga ya san cewa akwai gonar da mutum ɗaya ba zai iya nome ta kafin ciyawa ta ci ƙarfinsa ba, komai ƙwazonsa. Sai ya kira gayya, samari su jeru, kowa ya kama kunyarsa, makaɗi yana zuga su. A irin wannan aiki ba a auna nasara da wanda ya riga kowa kaiwa ƙarshen gona, sai an ga kunyar ƙarshe ta fita. Gwanin da ba ya waiwayar na bayansa ɓata layi yake yi. Wannan shi ne ma'anar zaɓen da Brooks ya yi, shi ne kuma ma'anar daren Norwe. Tambayar da ya yi ta maimaitawa ba ta neman sani ba ce, so yake kowane yaro ya ajiye kirarin gidansu a bakin gona.

Ƙididdigar wasan kanta ta goyi bayan wannan fahimta. Sobiyat ta kai hari raga sau 39, Amurka sau 16 kacal, mai tsaron gida Jim Craig ya tare 36. Sau uku Sobiyat tana shiga gaba, sau uku ana kamo ta. Mark Johnson ya farke ta biyu saura daƙiƙa ɗaya a gama turmin farko, abin da ya harzuƙa mai horar da Sobiyat, Viktor Tikhonov, ya cire Vladislav Tretiak, wanda ake ganin babu mai tsaron gida kamarsa a duniya. Johnson ya sake farkewa a turmi na uku, sa'an nan Eruzione ya ci ta huɗu saura minti 10 cif. A waɗannan mintoci 10 ne wahalar watanni ta biya, domin ƙungiyoyin da suka saba karawa da Sobiyat a turmin ƙarshe ƙafafunsu kan mutu, waɗannan kuwa ba su mutu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka fim ɗin da ake kira abin al'ajabi ya ƙare yana koyar da cewa abin ba daga sama ya faɗo ba, nome shi aka yi.

Akwai ƙananan jigogi da suka tallafa wa babban. Ɗaya shi ne tsohon miki: Brooks shi ne mutum na ƙarshe da aka cire daga ƙungiyar Amurka ta 1960, wadda ta je ta ci zinariya ba da shi ba. Shi ya sa wurin da ya kira Ralph Cox ya shaida masa cewa shi ne na 21 ya fi kowane wuri nauyi a fim ɗin, domin abin da aka yi masa ne yake yi wa wani. Wani jigon kuma shi ne halin da ƙasa take ciki: an yi garkuwa da Amurkawa a Tehran tun watan Nuwamba na 1979, sojojin Sobiyat kuma sun shiga Afganistan a watan Disamba. Wasa ya zama wurin da jama'a suka sauke abin da ke cin su.

5.0 Salo da Taurari

Salon da ya fi fitowa fili shi ne maimaitawa. Tambayar nan ta Brooks, da busar usur a daren Norwe, sun yi aikin da amshi yake yi a waƙar baka: kowane dawowa da ƙarin nauyi, har ranar da amsa ta sauya. Na biyu shi ne kusantar da kyamara. An sauke ta ƙasa tana bin 'yan wasa a kan ƙanƙara, ana jin ƙarar ƙarfe da haki da karo, ta yadda wanda bai san dokar wasa ba zai gane wahala da jikinsa. Abin da ya taimaka shi ne, yawancin waɗanda suka fito a matsayin yaran 'yan wasan gora ne na gaske aka koya musu kwaikwayo, ba 'yan kwaikwayo aka koya wa gora ba. Na uku shi ne muryar mai sharhi, Al Michaels, wanda shi ne ya yi sharhin wasan a 1980. Ya sake ɗaukar muryarsa domin fim, amma a daƙiƙoƙin ƙarshe sai aka saka ainihin tsohuwar muryar. Matsayinsa a nan matsayin maroƙi ne a fagen dambe, mai mayar da bugu ya zama labari tun ƙura ba ta kwanta ba.

Game da taurari, Kurt Russell ne ya fito a matsayin Brooks, kuma ya riƙe halin mutumin da ya zaɓi a ƙi shi domin yaran su so juna. Ba a wanke shi tas ba: an nuna yadda ya yi sakaci da iyalinsa har matarsa, wadda Patricia Clarkson ta fito a madadinta, ta yi masa magana, an kuma nuna shi yana tsokanar McClanahan da zargin ragwanci alhali yaron rauni gare shi. Da aka tashi wasa kowa yana murna, shi sai ya zame ya shiga wani lungu shi kaɗai, a can ya saki jikinsa. Mai gayya ba ya shiga rawa. Brooks kansa bai ga fim ɗin ba, domin ya rasu a haɗarin mota a watan Agusta na 2003, aka sadaukar da aikin gare shi.

6.0 Inda Fim Ɗin Ya Gaza

Yabon gwani ya zama dole, amma nazari ba ya cika sai an faɗi rauni. Na farko, an mayar da 'yan Sobiyat Dodo: ba su dariya, ba su da iyali, da ƙyar ake jin muryarsu. Alhali su ma samari ne da aka tsare a sansanin horo mafi yawan shekara, kuma su suka koma gida da kunya. Sai daga baya fina-finan tarihi irin su Red Army na 2014 suka ba su baki. Na biyu, an taƙaita wasan Finland cikin 'yan jimloli, ko da yake da an faɗi a ranar da zinariya ta kuɓuce. Na uku, an yi wa tarihi kwaskwarima: horon daren Norwe ya auku, amma furucin Eruzione da ya kawo ƙarshensa ƙarin marubuci ne. Mai nazari ba zai kira wannan ƙarya ba, domin marubuci ya dunƙule sauyin watanni cikin jimla ɗaya, to amma wajibi ne ya san inda tarihi ya tsaya da inda ƙira ta fara.

7.0 Namu Abin Al'ajabin

Mai kallo na Tsiga ba sai ya je Lake Placid ba kafin ya san irin wannan rana. Ranar 25 ga Fabrairu, 1989, a birnin Damam na Saudiyya, a gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, ita dai Sobiyat ɗin ta zura wa Nijeriya 4 ba ko ɗaya, saura kamar rabin sa'a a tashi. Christopher Ohenhen ya ci biyu, Samuel Elijah ya ƙara, Nduka Ugbade ya cike ta huɗu, aka je bugun fanareti Nijeriya ta ci 5 da 3. Yaran Tunde Disu sun kai har wasan ƙarshe, inda Fotugal ta ci su.

Na 1996 ya ma fi kama da labarin fim ɗin. A wasannin Olamfik na Atlanta, Birazil ta ci Nijeriya 1 ba ko ɗaya a zagayen farko. Da suka sake haɗuwa ranar 31 ga Yuli, Birazil ta kai 3 da 1, sai Victor Ikpeba ya rage, Nwankwo Kanu ya farke a minti na ƙarshe, ya kuma ci ta nasara a ƙarin lokaci. An tashi 4 da 3, daidai da na Lake Placid. Kamar yadda Finland ta rage wa Amurka, haka Ajantina ta rage wa Nijeriya, aka ci ta 3 da 2 ranar 3 ga Agusta. Ƙasa kuwa tana cikin ƙunci a lokacin, an dakatar da ita daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila tun watan Nuwamba na 1995. A cikin 'yan wasan akwai 'yan Kaduna irin su Tijjani Babangida da Garba Lawal, suna layi ɗaya da 'yan kudu. Duk tubalan da aka gina Miracle da su ga su nan: tsohon kaye, da bambancin gida, da ƙasa mai neman abin da zai ɗaga kanta.

Fim ɗin Hausa ya san tarihi tun farkonsa, domin Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim tun 1976. Amma tun daga Turmin Danya na 1990, soyayya da rikicin gida suka fi rinjaye a fina-finan Kano, wasanni kuwa aka bar su a bakin masu hira. Wanda ya ji wasan Damam a rediyo yana saurayi, yau furfura ta kama shi. Haka waɗanda suka ga manyan 'yan dambe da 'yan kokawa na da da idonsu, kullum raguwa suke yi. Abin da ba a rubuta ba, ba a kuma ɗauka ba, tare da masu shi yake tafiya.

8.0 Kammalawa

An ga yadda fim ɗin Miracle ya ɗauki jigon ƙarami ya kada babba, ya kauce wa wayon Gizo da jaruntakar Auta, ya warware shi ta hanyar gayya. An ga kuma yadda tsarinsa da salonsa suka yi wa wannan jigo hidima, da wuraren da ya tauye abokan karawa da tarihi. Abin da ya sa ɗan Tsiga zai bi labarin ba tare da ya san ƙanƙara ba shi ne, ya san gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya. A wurin ba da lamba, kyaftin kaɗai aka tanadar wa dandamali, amma Eruzione ya yafito sauran 19 suka hau suka cunkushe tare da shi. Aikin da ya rage ga ɗaliban Hausa shi ne su tattara labaran filayen wasanninmu daga bakin waɗanda suka gani, domin masu shirya fim su sami abin da za su gina a kai.